Wace Hausa za mu yi wa "resurrection": tashi, kiyama ko farfaɗowa?

Malama Rifkatu: Malamai, barkanmu da war haka. Duk shekara idan Ista ta ƙarato sai ka ga kowa da irin Hausarsa. Wannan ya rubuta "farfaɗowar Yesu", wancan "dawowar Almasihu", wani "tashin kiyamar Yesu", har da mai cewa "sake haihuwa". Turanci kalma ɗaya yake da ita, resurrection. Ina neman suna guda wanda zai shiga kanun labari, ya shiga ƙamus, ya kuma dace da abin da Matiyu 28 da Markus 16 da Luka 24 da Yahaya 20 suke ba da labari. Ko mu ƙirƙiro sabuwa ne?

Malam Ishaku: Malama, kafin a ƙera sabuwa a duba ta asali, domin ita kanta ta Turancin aro ce daga Latin. Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma kalmomi biyu ne suke ɗauke da wannan magana. Ta farko anastasis, wadda a zahiri take nufin miƙewa tsaye. Ta biyu egeiro, wato tayar da mai barci ko ɗaga wanda yake kwance. Babu ta malamai a cikinsu. Da egeiro aka ce Yusufu ya tashi daga barci a Matiyu 1:24, da ita kuma aka ce wa shanyayye ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa a Markus 2:11.

To Hausa ta yi dace a nan, don "tashi" ita kaɗai ta haɗa biyun: mai barci ya tashi, na zaune ya tashi. Kamannin mutuwa da barci ma ba baƙo ba ne gare mu, mu da muke cewa barci ƙanin mutuwa, kuma shi ne hoton da Daniyel 12:2 ya yi amfani da shi, masu barci cikin ƙurar ƙasa za su farka. Masu fassara tun daga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, wanda Likita Miller na Zariya ya yi wa babban aiki, a kan "tashi" suka tsaya. Ban ga dalilin sauka daga kai ba.

Fasto Dauda: Ni dai a fara jefar da "farfaɗowa", ita ce mafi haɗari domin ta fi daɗin faɗi. Wanda ya suma shi ke farfaɗowa. Mai doguwar suma, shukar da ta yi yaushi aka ba ta ruwa, kasuwar da ta kwanta, duk suna farfaɗowa saboda da ma da sauran rai a jikinsu. Marubutan Linjila kuwa sun ɓata tawada musamman don toshe wannan ƙofa. A Markus 15:44-45 gwamna Bilatus ya yi mamakin jin Yesu ya riga ya mutu, bai ba Yusufu mutumin Arimatiya gawar ba sai da ya kira jarumin soja ya tabbatar masa. A Yahaya 19:32-34 sojoji sun karya ƙafafun mutum biyun da aka gicciye tare da shi, shi ba su karya nasa ba don sun tarar ya mutu, sai ɗaya ya soke shi da mashi a kuiɓi. Duk wanda ya rubuta "farfaɗowa" ya sa wa nassin bakin da ba nasa ba. Akwai masu ra'ayin cewa suma ya yi, suna da damar faɗin ra'ayinsu da sunansu, amma ba za a ce fassarar kalmar ke nan ba.

Malam Sani: Gaskiyar Fasto. Bari in taɓo ɓangaren Larabci, tunda an ambaci kiyama. A Larabci babu matsala ko kaɗan. Kiristocin Larabawa da kalmar kiyama suke kiran wannan al'amari, babbar majami'ar da ke kan wurin kabarin a Urushalima ma sunanta a bakinsu Kanisatul Kiyama. Tushen kalmar tsayuwa ne, daidai da anastasis. Har "talita kumi" da Yesu ya faɗa wa 'yar Yayirus a Markus 5:41, wannan "kumi" na Aramiyanci ɗan uwan "kum" na Larabci ne, wato tashi.

Sai dai da kalmar ta shigo Hausa ta tsuke. Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, in ya ji kiyama ko alkiyama, ranar ƙarshe yake gani: busa ƙaho, taron dukan halitta, hisabi. "Sai tashin kiyama" a bakinmu ma'anarsa ba za a sake haɗuwa a duniya ba. In ka rubuta "kiyamar Yesu" mai karatu zai tsaya yana tambaya, kiyamar ta mutum ɗaya ce? Ɗaya kalmar Larabcin, ba'as, ita ma ba ta da wuri, don kunnen Hausa zai kai ta ga ba'asi na bin diddigi.

Abu na biyu ga 'yan jarida. Alƙur'ani, Suratun Nisa'i aya ta 157 da 158, ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Saboda haka idan labarin na kowa da kowa ne, a jingina maganar ga masu ita: "ranar da Kiristoci suke tunawa da tashin Yesu daga matattu". Kada kuma don neman sulhu a mayar da ita "ɗaukewa zuwa sama". Ba ka gyara wa Musulmi komai ba, ka kuma ɓata wa Kirista lissafi, domin a Ayyukan Manzanni 1:3-9 abu biyu ne daban, kwana arba'in tsakaninsu.

Malama Rifkatu: Na gode, Allah gafarta Malam. Amma "tashi" fa ta cika yawo. Jirgi ya tashi, farashi ya tashi, an tashi daga makaranta, maƙwabcinmu ya tashi daga unguwa. In na sa "Tashin Yesu" a kanu, wa ya san ko Galili ya tashi zuwa?

Malam Ishaku: Shi ya sa ba ta tafiya ita kaɗai, kuma a nan ne aikin yake. Girkancin yana da gini biyu, Hausar coci ma biyu take da su, mutane ne ke cakuɗa su.

Na ɗaya "tashin matattu". Matattun ne masu tashi, dukansu. Wannan ne abin da ƙungiyoyin Yahudawa biyu suka saɓa a kai, Sadukiyawa suka musa, Farisiyawa suka yarda da shi, kamar yadda Ayyukan Manzanni 23:8 ya nuna, shi ne kuma Marta take nufi a Yahaya 11:24 da ta ce ta san ɗan'uwanta Li'azaru, wanda ya mutu, zai tashi a ranar ƙarshe. A wannan gurbi kaɗai "tashin kiyama" za ta iya zama a madadinsa ba tare da ɓarna ba.

Na biyu "tashi daga matattu". Girkancin ek nekron ne, kuma nekron jam'i ne: daga cikin waɗanda suka mutu. Mutum ɗaya ya fita, sauran suna nan kwance. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gyara shi zuwa "tashi daga mutuwa" don a ga kamar ya fi santsi. Da ka yi haka jam'in ya ɓace, kuma hujjar Bulus a 1 Korantiyawa 15 ta rushe a hannunka. A aya ta 12 da 13 cewa yake in babu tashin matattu to Almasihu ma bai tashi ba, a aya ta 20 kuma ya kira shi nunan fari na waɗanda suka yi barci. Manomi ya san nunan fari: zangarniyar da ta riga sauran nuna, daga gona ɗaya, alamar kaka ta zo. Dole kalmar "matattu" ta fito a ɓangarorin biyu kafin mai karatu ya ga igiyar da ta ɗaure su.

Baba Yohanna: Ishaku, ɗana, "daga matattu" ɗin nan ba ta cika Hausa ba. Bahaushen da bai taɓa shiga coci ba "daga cikin matattu" zai ce.

Malam Ishaku: Haka ne, Baba, ban musa ba. "Daga cikin matattu" ta fi zama daidai a nahawu, kuma a cikin jimla ita zan zaɓa. Gajeren ya riga ya zauna a waƙoƙi da addu'o'i shekara da shekaru, kanun labari kuma ba ya son tsawo. A bar su biyun, ma'anarsu ɗaya.

Baba Yohanna: To madalla. Saura Li'azaru, don nan ɗalibai suke tuntuɓe. Suna so a ba shi kalma dabam, a ce shi "rayar da shi" aka yi, Yesu kuwa "tashi" ya yi. A wajen koyarwa wannan bambanci yana da amfani. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, Yesu ya tashe shi, ya komo irin rayuwar da ya bari, zai kuma sake mutuwa. Game da Yesu kuwa Romawa 6:9 ta ce ba zai ƙara mutuwa ba. Yahaya ma ya nuna bambancin da likkafani: a 11:44 Li'azaru ya fito a naɗe hannu da ƙafa sai da aka kwance shi, a 20:6-7 kuwa Bitrus ya tarar da likkafanin a ajiye, mayafin kai a naɗe waje guda. Amma a cikin nassi kada mai fassara ya raba abin da marubucin bai raba ba. Yahaya 12:1 da egeiro da ek nekron ɗin nan dai ya yi maganar Li'azaru. A rubuta "wanda Yesu ya tasa daga matattu", bayani ya biyo a ƙasa.

"Sake haihuwa" kuwa a manta da ita. Tana da gidanta a Yahaya 3, zancen Nikodimu, a kunnen mutanen karkara kuma tana jawo tunanin ɗan wabi, mai tafiya yana komowa. "Dawowa" ita ma an riga an ba zuwan Yesu na biyu. Kowace kalma da za ta sa a ji kamar kurwa ce ta bayyana, Luka 24:37-43 ya kore ta: almajiran sun zaci fatalwa ce, Yesu ya ce su taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu.

Fasto Dauda: Akwai wani ƙaramin wuri mai santsi: "ya tashi" ko "an tashe shi"? A Markus 16:6 saurayin nan mai farar riga kalma ɗaya ya faɗa wa matan da suka je kabarin, egerthe, kuma siffarta ta wanda aka yi wa aiki ce, ko da yake Girkancin lokacin yakan yi amfani da ita da ma'anar "ya tashi" kawai. Nauyin kalmar ba kaɗan ba ne, domin a tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, littafin Markus a aya ta 8 ya ƙare, matan sun gudu suna rawar jiki. Ba a nuna Yesu ya bayyana ga kowa ba, kalmar nan ita ce dukan shelar. Shawarata a bi kowace aya yadda ta zo. Inda aka ambaci mai aikin, kamar Ayyukan Manzanni 2:24 da Romawa 10:9, a ce "Allah ya tashe shi". Inda aka ce ya mutu ya tashi, kamar 1 Tasalonikawa 4:14, a bar shi haka. A Markus 16:6 duka biyun suna da hujja, gaisuwar safiyar Ista dai ta riga ta zaɓi "ya tashi".

Malama Rifkatu: Ke nan a ƙamus zan sa gurbi biyu: "tashi daga matattu" na mutum ɗaya, "tashin matattu" na kowa da kowa. Kanu kuma "Tashin Yesu daga matattu". Tambaya ta ƙarshe: "bayan kwana uku" ko "a rana ta uku"?

Malam Sani: Nan kam Hausa za ta kama mai sakaci, domin mu da dare muke ƙirga kwana. Jaririn da aka haifa ran Litinin sai wata Litinin ake suna, mu ce kwana bakwai. Bisa labarin Linjila an sa shi a kabari Juma'a da yamma kafin Asabar ta shiga, matan suka je da sassafe ranar farko ta mako, wato Lahadi. Lissafin Bahaushe kwana biyu ke nan. Ka rubuta "ya kwana uku a kabari", ɗan firamare ma zai ƙirga da yatsu ya ce Litinin.

Malam Ishaku: Lissafin Yahudawan lokacin kuwa yakan ɗauki guntun yini a matsayin rana: Juma'a ɗaya, Asabar biyu, Lahadi uku. Su kansu marubutan ba lafazi ɗaya suka yi ba. Markus 8:31 "bayan" ranaku uku ya ce, Matiyu 16:21 da Luka 9:22 da 1 Korantiyawa 15:4 suka ce a rana ta uku, Matiyu 12:40 kuma, wajen kwatanci da Yunusa a cikin kifi, ya ce yini uku da dare uku. Mai fassara nassi ya bar wa kowa lafazinsa, kada ya daidaita su da hannunsa. Ke kuwa da kike rubuta labari da bakinki, Malama, ki sa "a rana ta uku", ki kauce wa "kwana" gaba ɗaya.

Baba Yohanna: Ki kuma lura da "kabari". Namu rami ne da ake turbuɗewa da ƙasa, ba a shiga. Na Markus 15:46 ɗaki ne da aka sassaƙa cikin dutse, aka mirgino wani dutse aka toshe bakinsa, shi ya sa matan suke tambayar juna a hanya wa zai kawar musu da shi, shi ya sa kuma suka iya shiga ciki. A ambato na farko ki rubuta "kabarin da aka sassaƙa a dutse", daga nan "kabari" kaɗai ta isa.