Ina tafin ya tafi a faifan Coltrane?

Tela_Fagge: Jama'a, kwana uku ke nan ina sauraren faifan Live at Birdland na John Coltrane a shago ina ɗinki. Saksafon ɗinsa a kiɗan farko sai ka ce algaita! Amma me ya sa biyun ƙarshe babu tafi?

Malam_Kiɗa: Ukun farko kawai aka ɗauka gaban jama'a a gidan kiɗa na Birdland a New York, Oktoba 1963. Biyun a situdiyo ne, cikin Nuwamba. Ɗaya daga cikinsu, "Alabama", juyayin 'yan mata huɗu ne da bam ya kashe a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama, Amurka.

Yaya_Zinder: Ɗan'uwa, kashe keken ɗinkin, ka saurari gangunan Elvin Jones bayan piyanon McCoy Tyner. Ni dai tsigar jikina tashi take.

Tela_Fagge: Allah sarki. Na gode, Malam. Da dare zan sake ji.