An ciri jijiyar bayan cinyata an gyara min gwiwa, wai tana sake tsirowa?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Wata 5 kenan da aka yi min aikin gwiwa, a filin ƙwallo na juya ƙafata na ji ƙas, hoton MRI ya nuna ACL, jijiyar da ke riƙe gwiwa daga tsakiya, ce ta tsinke. Likita ya ciri jijiya a bayan cinyata ya ɗaura a wurin. Gwiwar alhamdulillah ta daina rawa, har zaman tahiya na fara yi, amma in na kwanta rubda ciki na ce zan ɗago dunduniya ta taɓo mazaunai sai ƙafar ta tsaya a rabin hanya tana karkarwa kamar ba tawa ba, kuma in na shafa bayan gwiwar ta ciki igiyar nan da nake ji a ɗaya ƙafar babu ita. Don Allah wadda aka cire ɗin tana dawowa ko shikenan?

Maman Ilham:
Sannu ƙanina, Allah ƙara sauƙi. Gashin ƙashi nake yi, irinku muna gani sosai. Jijiyoyi biyu ake yawan cira, semitendinosus da gracilis, a ninka su su zama igiya ɗaya mai kauri. Kuma eh, a wurin mafi yawan mutane suna sake tsirowa, har likitoci suna kwatanta abin da jelar ƙadangare, amma a hankali ne, shekara ɗaya zuwa biyu. Inda gizo ke saƙar shi ne sabuwar ba lallai ta koma ta kama ƙashin ƙwauri daidai inda ta asali take ba, sau da yawa sama kaɗan take maƙalewa, tsokar ma ta ɗan ja sama ta rage tsawo, shi ya sa in gwiwa ta lanƙwashe sosai, kamar digiri 70 zuwa sama, ƙarfin ke raguwa. A tafiya da gudu ba ka cika ji ba don sauran tsokokin bayan cinyar suna ɗauke nauyin. Abin da ka gani rubda cikin nan daidai wurin kenan.

Baba Golan Unguwa:
Ni shekara 3 da nawa, igiyar ta dawo ina taɓa ta amma siririya ce. Har yau in zan cire safa a tsaye na ɗaga ƙafar baya sai ta ɗan murɗe min. Ball kam na koma. Boniface ma sau biyu ACL ɗinsa ta tsinke a Norway kuma ya zo ya ci Bundesliga da Leverkusen a 2024, kar ka tada hankalinka.

Ɗan Fagge:
Haha nagode Baba. To Anti yaushe zan koma fili? Yara sun dame ni akwai gasar unguwa bayan sallah.

Maman Ilham:
Gasar nan ka barta ta wuce. Ƙasa da wata 9 ba na ba kowa shawara, Van Dijk da duk likitocin Liverpool sai da ya yi kusan wata 9. Kuma ba lissafin wata kaɗai ba, a auna ƙafar ta kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin mai lafiyar, gaba da baya. Ka ce wa mai yi maka gashi ya ƙara maka atisayen lanƙwasa ƙafa kana rubda ciki da roba, daga baya atisayen Nordic, wanda za ka durƙusa a riƙe maka ƙafa ka tafi gaba a hankali, in ya ga ka kai. A ina kake zuwa gashin, asibitin ƙashi na Dala ko wani wurin?