Waɗanda suka taɓa kwamandar gita aikin hannu, ku zo mu ji yadda kuka kwashe

Mai Shagon Gita, Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa makaɗa. Ni dai ɗan kasuwa ne, kayan kiɗa nike saidawa nan Yamai, gita, ampili, tsirkiya, kabul da su bafil. Abin da ya fi fita a shago Squier ne da Yamaha Pacifica da Cort, sai okaziyo da ake kawo min daga Turai. To kwanan nan samari sun fara zuwa min da hotuna a waya, wai Alhaji a yi mana kwamandar irin wannan, in ka duba sai ka ga ta ƙananan masu haɗawa ce da hannu, su Suhr da Tom Anderson na Kaliforniya, Collings na Austin a Texas, ko wani lutiye, wato mai haɗa gita, a Faransa da shi kaɗai ne a ateliye ɗinshi. Aiki dai akwai aiki, wanda ya taɓa riƙe ɗaya ba zai yi musu ba, icen zaɓaɓɓe ne busasshe, ƙarafan wuya an goge bakinsu sumul, kana ɗauka tana zaune daidai. Amma euro ɗaya sefa 656 ne ba kaɗan, ba ya motsi, gitar euro 3.000 kenan miliyan 2 ba kaɗan tun kafin a yi zancen jirgi da duwan. Ni kuma ribar da irin waɗannan ke bar ma mai shago ƴar kaɗan ce, kuɗina su kwanta watanni ana jira. Shi ya sa nike so in ji daga bakin waɗanda suka saya da kuɗinsu, ya biya ko bai biya ba?

Ɗan Adar, Tawa:
Amin alaikumussalam Alhaji. Ni an taɓa ni, bari in hwaɗa. Wani yayana da ke zaune Turai ya taimaka min munka yi kwamandar gitar akwati, wadda ba ta son wuta, wurin wani mai haɗawa da hannu, ice tsantsa ba manne-manne ba. Da damana ta iso. Wallahi muryatta in ka ji sai ka rantse da ampili anka haɗa ta, duk wanda ya shigo gida sai ya ce a ba shi ya taɓa. Hunturu na shigowa sai na hwara jin bakin ƙarafan wuya na yankan hannuna, ban kula ba, wata sahiya na buɗe akwati na iske allon gaba ya tsage daga gindin inda tsirkiya ke ɗaure har ƙasa. Na tura ma mutumin hoto, ya amsa cikin mutunci amma ya ce garanti bai shahi bushewa ba, su can ɗakin aikinsu danshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari suke riƙe shi, a haka anka haɗa icen. To mu nan Tawa watan Janairu zuwa Maris wane danshi? Leɓen mutum ma tsagewa shike balle ice mai kauri kamar kwali. Yanzu an like ta, soso jiƙaƙƙe nike sawa cikin ɗan gwangwani mai huji in ajiye cikin akwatin, kullum sai na duba. Tana nan tana kuka mai daɗi amma ba ta zuwa biki, wata tsohuwar Yamaha ce ke ci da ni.

Bahagon Yantala:
Allah sarki Ɗan Adar, sannu. Ni nawa labarin daban ne, don ni bahago ne, kuma Alhaji kai shaida ne sau nawa nike zuwa shagonka in ce akwai ta hagu ka ce sai dai a juya tsirkiya. Juyawar nan wahala ce, boton ɗin bolim na ƙarƙashin hannunka kana kiɗa kana rage murya ba ka sani ba, kabul na sokin ka, can ƙasan wuya hannu ba ya kaiwa. Mdou Moctar ma ɗan jiharku ta Tawa bahago ne, Stratocaster ta hagu yake kaɗawa, shi da ya fara da gitar da ya haɗa da kanshi da wayar birkin keke. Da na samu kuɗin wata tafiya sai na ce wannan karon sai an yi min tawa. Mai haɗawar ya yi ta tambayata, faɗin wuya, kaurin tsirkiya, da yatsa nike kiɗa ko da ɗan roba, da na ce mishi Nijar nike sai shi da kanshi ya ce a sa wuyan ice gasasshe, wanda ake gasawa a tanda ya fidda danshi don ya rage motsi, da ƙarafan wuya na inoks da ba sa tsatsa kuma ba sa cinyewa da wuri. Rabin kuɗi na ba da abans, jira ya wuce lokacin da ya ce, har na fara tunanin an cinye ni. Amma ta zo, ta ga hunturu ta ga bazara ba ta ce uffan ba. Ni kam ya biya ni.

Mai Shagon Gita, Yamai:
Kai naka da dalili ƙane, bahago da mai ƙaramin hannu su ne nike ce ma ku yi kwamanda. Inda nike da ja shi ne ado. Wani yaro ya sa aka yi mishi tashi da kuros ɗin Agadas a kan wuya, sunanshi da Tifinar a kai, fenti shuɗi irin na rawani, kyau kam ba a magana. Da lalura ta taso ta rashin lafiya a gidansu ya kawo min in saida mishi. Wa zai sayi gita da sunan wani a jiki? Ta daɗe rataye, kowa ya shigo sai ya yi hoto da ita ya tafi, ƙarshe ko rabin kuɗinta ba a samu ba. A kasuwar nan suna ake saye, in an ga Fender ko Gibson a kai ba sai ka yi bayani ba, amma sunan wani lutiye da ko a ƙasarsu makaɗa kaɗan suka san shi, sai ka yi ta rantsuwa ana ganin kwaikwayon Cana ce.

Usta Mai Gyara, Katako:
Alhaji barka da kasuwa. Ku bar ni in sa baki tunda duk wurina suke ƙarewa, mai tsadar da mai arahar. Gaskiyar da zan gaya ma samari, yawancin daɗin da kuke ji a hannu in kun riƙe gita mai tsada, regilaji ne. An daidaita ƙarfen cikin wuya, an daidaita tsawon ƙarafan, an yanka ramin ɗan ƙashin nan na sama daidai kaurin tsirkiya. Kamfani mai fidda dubbai ba ya da lokacin zama kan ɗaya, mai aikin hannu yana da shi, lokacin nan ne ake saida muku. Kawo min Squier mai lafiyayyen wuya in kwana biyu kanta in canza mikoro, abin nan da ke ɗaukar muryar tsirkiya ya kai ampili, ka rufe ido ka kaɗa ta cikin bafil na biki ka gaya min bambancin. Akwai bambanci ban ce babu ba, a studiyo ake jin shi. Kuma ƙura ba ta san tsada ba, boton ɗin gitar miliyan 2 ma ƙarar-ƙarar yake in ƙurar Yamai ta shiga. Fentin nitro da masu aikin hannu ke so saboda siriri ne, shi ya fi saurin tsattsagewa in an fito da gita daga ɗaki mai kilim zuwa rana, kuma yana narkewa in ya daɗe jingine da roba. Wanda na ga ya yi tunanin da ya dace da mu shi ne Vigier na Faransa, su sandar karbon suke sawa cikin wuya maimakon ƙarfen ɗaurewa, wuyan ba ya lanƙwasa, amma sun daina aiki a 2023 sai dai okaziyo.
Abu ɗaya ke ba ni haushi. Icen da suke kira akaju na Afirka su sa kuɗi a kai, dangin maɗacinmu ne. Kanya kuma dangin ebene ce da ake allon wuya da ita. Na haɗa jikin gita da maɗacin da ya shekara da shekaru a bushe, tsohon ƙyauren gida ne, na sa wuyan da na ciro daga wata da ta karye, ba ta taɓa motsi ba don a wannan iskar ta bushe. Amma in na faɗi kuɗi sai a ce haba Usta, aikin kasuwar Katako?

Maman Sono:
Hhhh Usta ka faɗi gaskiya, mu ne masu cewa haka. Ni haya nike ba da kayan kiɗa na biki da suna, kuma ɗiyata na koyon gita tun da ta ga ƴan matan Illighadad masu kiɗan gita a waya. Hannunta ƙarami ne, Stratocaster tsawon tsirkiyarta milimita 648, tana shan wahala. Har na fara tambayar kuɗin kwamanda sai malaminta ya ce Hajiya kar ki wahalar da kanki, akwai masu gajeren wuya na kamfani, Mustang milimita 610 ne. Muka samu Squier irinta okaziyo, magana ta ƙare. Na haya kuwa ko kyauta aka ba ni mai tsada ba zan fidda ta ba, yaran nan a bayan kamiyo suke jefa kaya, gurup na hawa yana sauka, wani ya yi liƙi ya taka kabul gita ta kife.

Ɗan Taranzit:
Ku ƙara da hanya cikin lissafi. Tun da gadar Gaya da Malanbil ta rufe a 2023 kayan da ke bin Kwatano sun koma Lome su ratso Burkina, kwantena na iya daɗewa a rana, manne na gitar akwati kuma zafi ke sake shi. Gita mai tsada a ba matafiyi ya riƙo ta a jirgi, a sassauta tsirkiya, shi ne kwanciyar hankali. Sai zancen takardun ice. A 2017 an sa duk dangin icen palisandar cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan fataucin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, gita mai allon wuya na wannan icen sai da takarda take ƙetare iyaka, a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗa daga ciki. Amma palisandar na Birazil yana nan ƙarƙashin doka mai tsauri tun 1992, kuma shi ne masu aikin hannu ke yi ma kiliyan tayi a matsayin na musamman. In an ce za a sa muku shi ku nemi takardarshi tun kafin ku biya abans, musamman ku masu fita waje wasa.

Ɗan Adar, Tawa:
Wanga zance na takarda ban san shi ba sam, Allah shi saka. Usta ni da na san kana haɗawa da ban tahi nesa ba. Ai ko gurmi haka muke yi, ka tai wurin mai haɗawa ka zauna, shi zaɓi ƙwarya gabanka shi ja hwata, in ta saki ka maida mishi gobe. Ta Turai in ta yi ciwo wa za ka maida ma?

Bahagon Yantala:
Ni fa har yanzu ina kan bakata, ku dai ba bahagwai ba ne shi ya sa. Amma Usta in kana yin ta hagu ina son ta biyu ta zuwa biki, in bar waccan a gida.

Mai Shagon Gita, Yamai:
To na ji kowa, na gode. Abin da zan yi, wanda ya nace sai kwamandar waje zan haɗa shi da mai haɗawar kai tsaye ya biya da hannunshi, ni in karɓi ladan kawowa kawai, kuɗina ba za su ƙara kwanciya ba, kuma akwatin kirki dole ne. Usta kai kuma kawo min guda biyu na maɗacin nan in rataye kusa da Squier, ɗaya dama ɗaya hagu, kar ka rubuta sunan kowa a jiki. Mu yi maganar kuɗi bayan sallar Juma'a in ka shigo.

Usta Mai Gyara, Katako:
Ba matsala Alhaji, amma wuyan hagu ba ni da shi a ƙasa, sai ka sa a cikin kayanka masu zuwa, da mikoro guda shida.