Kemi Badenoch da kalmar "butulu"

Ɗan Fagge: Har yau maganar Kemi Badenoch na ci min rai. Mace ta tashi a Legas, ta koma Ingila tana shekara 16, ta zama shugabar jam'iyyar Conservative a Nuwamban 2024, sai ga ta a jarida wai ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har da jingina mana Boko Haram. Wallahi ranar da butulun nan ta zama Firayim Minista, ɗan Arewa ya manta da bizar Ingila.

Malamin Firamare: Gyara kalmarka. Butulu shi ne wanda aka yi wa rana ya yi maka dare. Wace rana Arewa ta yi mata? A Wimbledon ta birnin Landan aka haife ta a 1980.

Uwar Biyu: Haba Malam! Ruwan Legas ta sha ta girma. Wanda ya sha inuwar gemu ma yana godiya.

Malamin Firamare: To Legas ce ke bin ta bashi, Hajiya, ba Fagge ba.

Bazazzagi: Yarinyar da ta yi aiki a McDonald's, ta karanta injiniyan kwamfuta a Jami'ar Sussex, ta ci kujerar majalisar dokokin Birtaniya ta mazaɓar Saffron Walden a 2017, duk da guminta. Ku ce mata mai raini, na yarda. Butulci kuwa ku nemi waɗanda gwamnati ta biya wa karatu suka gudu.

Uwar Biyu: Habaici kake yi da ƙanena? Fito fili.

Bazazzagi: Ban ma san kina da ƙane ba, amma tunda kin tsargu...

Ɗan Yerwa: Ai Kashim Shettima ya gama magana tun Disamban 2024, ya ce in ba ta alfahari da ƙasar ta cire Kemi daga sunanta. Ya ba ta misali da Rishi Sunak, tsohon Firayim Ministan Birtaniya ɗan asalin Indiya, da bai taɓa zagin Indiya ba.

Bazazzagi: Dama na san za ka shigo da ubangidanka. Ya fara sauko mana da kuɗin fetur tukuna.

Ɗan Yerwa: Naku da kuka zaɓa me ya tsinana?

Ɗan Fagge: Jama'a, maganar biza fa nake yi.

Malamin Firamare: Janye "butulu" sai mu zo kan biza.

Ɗan Fagge: Ba zan janye ba. A 2025 da bakinta ta ce ta daina ɗaukar kanta 'yar Najeriya, fasfo ma ta fi shekara 20 ba ta sabunta ba.

Admin: Na rufe nan. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda matar nan butulu ce, illa mutum biyu masu son nuna sun iya ƙamus. Mai girma Mataimakin Shugaban Ƙasa ya riga ya ba ta amsar da ta dace. Bazazzagi, ka sake sako zancen fetur zan cire ka.