Fitilar ta ƙi kawowa sosai in na tare hasken sensa

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Ina da sensa mai tsaga, wadda LED ɗin infrared (ƙaramar fitila mai hasken da ido ba ya gani) ke gefe ɗaya, fototransisto (mai barin wuta ta wuce in haske ya same shi) a ɗaya gefen. So nake jar fitila ta kama in an zura kati a tsagar. Da cajar waya mai volt 5 na haɗa, amma dishi-dishi take kawowa. Ina matsalar?

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fototransiston ba ya iya ɗaukar fitila kai tsaye, wutarsa kaɗan ce. Nemo transisto BC547 ya ɗauki nauyin fitilar. Ƙafafunsa uku ne: kolekta, bes da emita. LED ɗin sensar ka ba shi resisto (mai rage wuta) 220 ohm. Kolektan fototransiston ya hau volt 5 ta resisto 10k (ohm dubu goma), emita ta sauka negatif. Daga kolektan nan ja waya zuwa bes ɗin BC547. Fitilarka da resisto 330 ohm su zauna tsakanin volt 5 da kolektan BC547, emitarsa a negatif. Da ka tare hasken, wutar 10k za ta bi ta bes, fitila ta kama.

Malamin lantarki, Daura: Haka ne, Malam. A kula da ƙafafu dai: in ka fuskanci shafaffen gefen BC547, ƙafafun na kallon ƙasa, daga hagu kolekta, bes, emita. Mutane da yawa a nan suke juyawa. Infrared ido ba ya ganinsa, duba ta kyamarar waya ka ga ko LED ɗin sensar na ci.

Mai gyaran rediyo: Kuma ranar Katsina na ɗauke da infrared, tana ruɗa sensar ko katin na ciki. Rufe kewayen sensar da baƙin tef, ban da tsagar. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar tsagar.