Samfurin da ya daɗe ana gina shi: me kuka gani da kuka nuna shi kafin ya kammala?

Ɗan Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki shekaru ina gina ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Kumasi, wato ɓangaren da ake lodin kaya tare da bakin kasuwar da ke jikinta, a kan allo mai tsawon mita biyu. Ma'aunin da na zaɓa shi ne 1:64, wato kowane abu na rage girmansa sau 64, domin faɗin tsohon layin dogon ƙasarmu Gana milimita 1,067 ne, kuma idan aka raba shi gida 64 sai ya ba da milimita 16 da ɗoriya, wanda ya yi kusan daidai da ƙaramin dogon da ake sayarwa a shirye domin masu ma'aunin 1:87. Da haka na huta da ƙera dogo, amma taragai da rumfuna da ɗakunan ajiya duk da hannu nake yankawa.

Tun da na fara nuna hotunan aikin, dattawan da suka san wurin suka yi ta aiko mini da gyara, kuma gyaran nasu yana karo da juna alhali babu wanda ya faɗi ƙarya. Wani ya ce motocin kaya a hannun hagu suke tsayawa, wani ya rantse a dama ne, kuma dukkansu sun yi gaskiya tunda sai ranar 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi a dama. Wani yana son ganin kan jirgi mai cin kwal, wani bai san komai ba sai na dizal. Wani ya ce allon farashi ya kasance da sule da kwabo, wani ya ce sidi, wanda aka fara kashewa a 1965. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Akara kuma ya haɗe a 1923, ke nan tashar ta haura shekara ɗari, kuma kowa tashar ƙuruciyarsa yake nema a kan allona. Aikin ya yi nauyi har na daina manna komai. Ina roƙon waɗanda suka taɓa nuna dogon aiki irin wannan tun bai ƙare ba su gaya mana abin da suka tarar da yadda suka yi da shi.

Kawu Mai Goro, Alabar

Wa alaikumus salam ɗana. Ni ban taɓa gina samfuri ba, ina dai cikin tsofaffin da suka dame ka, saboda haka bari in faɗi abin da mai kallo yake ji. Idan mutum ya ga wurin da ya yi dako yana saurayi an mayar da shi ɗan mitsitsi, idonsa ba ya zuwa kan abin da ka gina, sai kan gurbin abin da ya sani bai gani ba. Shi ya sa bakinmu ba ya shiru.

Shawarata ita ce ka tsayar da shekara guda, kuma ka lura da ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su bar ƙasa. Kafin nan harkar goro a Zango tana cike da fatake, bayan nan kuwa rumfuna da yawa sun canja hannu, wasu ma sun daɗe a rufe. Bayan shekara kuma ka tsayar da lokaci, domin sabon goro yana yawaita ne daga wajen Oktoba zuwa Disamba, kuma a lokacin ne za ka ga mata zaune suna tsince shi, suna ware fari da ja, suna fitar da mai tsutsa. Huhu kuma ba dunƙule ba ne kawai kamar yadda na gani a hotonka. Ana shimfiɗa ganye a ciki, a zuba goro, a rufe da wani ganyen, a lulluɓe da buhu, sannan a ɗaure da igiya ta gicciya har ta nutse a jikinsa. Ba a barinsa a rana, saboda haka ka mayar da naka ƙarƙashin inuwa.

Sai abu ɗaya da ba za ka so ji ba. Kada ƙaunar sana'ar iyayenmu ta sa ka cika taragai da goro. Babban lodin tashar nan a wancan lokaci koko ne, wato na cakulan, da katako, goro kuwa ɗan rabonsa ne, kuma da yawansa a mota yake tafiya.

Malama ta Nima, Akara

Yayana Ɗan Aboabo, abin da ya same ka ya same ni, sai dai nawa a cikin dangi ne. Ina gina gidan kakarmu na Nima a ma'aunin 1:50, gida irin na haya mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, kuma ranar da gwaggonnina suka gan shi kowace ta kawo nata gidan. Ɗaya ta ce akwai bishiyar darbejiya a bakin ƙofa, ɗaya ta ce an sare ta tun kafin a yi mata aure, ƙaramarsu kuma ta tambayi inda baƙin tankin ruwa yake.

Abin da ya raba gardamar shi ne na ce gidan nan na tsakiyar shekarun 1980 ne, na kuma sayi littafi na musamman. Duk wadda ta kawo gyara sai in tambaye ta shekarar da ta ga abin, ko kuma in ce wane yaro aka haifa a lokacin, domin da haihuwa da rasuwa tsofaffinmu suke lissafi. Idan abin ya faɗo cikin lokacina sai ya hau allo, idan bai faɗo ba sai ya shiga littafi da sunan mai shi, kuma na lura cewa rubutawar kaɗai tana kwantar musu da hankali. Yanzu littafin ya fi samfurin daraja a wurin wasu daga cikin dangi.

Tsayar da lokaci ya kuma hana ni saka abubuwan da ido ya saba da su a yau. Babu ledar ruwan sha a ƙasa, babu rawayar jarka, babu tankin roba. Akwai gangar ƙarfe ta tarar ruwan sama, da kurfoti, wato murhun gawayi, da turmi, da eriyar talabijin guda ɗaya a kan ɗakin mai gida. Rufin kwano shi ya fi cin lokaci, domin a wannan ma'auni tazarar da ke tsakanin tudu da tudu na kwano ba ta wuce milimita ɗaya da rabi ba. Nakan yanka farantin alminiyam na zuba abinci, in shimfiɗa shi a kan matsefi mai ƙananan haƙora, in bi kowane rami da tsinken sakace, sannan in ɗiga fenti mai ruwan tsatsa daga inda ƙusa take in bar shi ya gangaro da kansa. A kan rufin na ɗora 'yan duwatsu da tsohuwar taya, domin kowa ya tuna da su ba tare da gardama ba.

Mutane kuwa ban saka ko ɗaya ba. Na jera takalma a ƙofar ɗaki, na ajiye buta kusa da tabarma, na rataya zannuwa a igiyar shanya, kuma har yau babu wanda ya ce gidan ya yi kama da kango.

Kafinta na Sokoban, Kumasi

Malam, zan taɓo gefen da ba a ambata ba, wato shi kansa samfurin yana tsufa yayin da ake gardama a kansa. Kwamitin masallacin unguwarmu ya taɓa sa ni in yi samfurin ginin da ake tara kuɗi dominsa, aka ajiye shi a baranda, kuma ina ƙara masa sashe duk lokacin da ginin gaske ya ci gaba. Kafin a kai ga hasumiya, ɓangaren farko ya koɗe saboda rana, gefen ƙofa ya yi baƙi saboda yatsun masu nuni, sabon ɓangare da tsoho kuma suka zama launi biyu.

Kumasi tana da damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu ya biyo da bushewa. Katakon bishiyar da ake kira wawa yana da sauƙin yanka, amma yana shan danshi ya kumbura, idan iska ta bushe kuma ya tsuke, kuma allon da aka shafa wa fenti a fuska ɗaya kawai dole ya lanƙwashe. A shafe shi sama da ƙasa da gefuna kafin a ɗora komai, a kuma bar 'yar tazara a mahaɗar dogo. Gam ɗin da aka dama da sitacin rogo abincin kyankyasai ne, farin gam na kafintoci shi ya fi. Wanda ya zuba gero ko acca na gaske a matsayin kayan kasuwa ya gayyato tururuwa da kansa.

Game da ƙasa, a ɗebo jar ƙasa mai yawa daga wuri ɗaya tun farko, a tankaɗe ta, a soya ta a tsohon kasko domin a kashe ƙwan ƙwari, a rufe ta a bokiti. Wanda ya koma neman ƙari bayan shekara biyu ba zai sami launin da ya fara da shi ba. Haka ma fenti, a rubuta yadda aka haɗa shi. Idan kuma za a kai aikin inda jama'a za su gani, a yi masa murfin gilashi, domin dattijon da yake ba da labari ba ya iya riƙe yatsansa.

Mai Zanen Gine-gine, Asawase

Da izinin manya, ni ra'ayina ya ɗan bambanta. A wurin aikinmu ba ma nuna wa mai gini samfurin da ya sha fenti sai bayan an gama gardama a kan takarda, domin goge layin fensir ba ya cin komai, ɓamɓare abin da aka manna kuwa yana tafiya da abin da ke kusa da shi. Na yi samfurin wani tsohon layin shaguna na Adum domin kaina, kuma abin da nake kai wa tsofaffi shi ne zane da gine-ginen farin kwali waɗanda ba a manna ba. Sai su ɗaga wannan su matsar da wancan, su yi ta musu har su daidaita, ni kuma in ɗauki hoto. Bayan an manna ba na karɓar gyaran wuri, sai na launi da ƙananan kaya.

Akwai kuma lissafin da ya kamata Malam ya riƙa faɗa wa masu kallo tun farko. Mita biyu a ma'aunin 1:64 mita 128 ne kacal a ƙasa, kuma harabar tasha da layukanta sun fi haka nesa ba kusa ba. Dole an matse wani abu an yar da wani, saboda haka rabin ƙorafin da yake samu ba na shekara ba ne, na fili ne.

A kan mutane kuma, dabarar Malama ta dace da gida, amma bakin kasuwa babu kowa zai yi kama da ranar dokar hana fita. Mutum mai tsayin mita 1.7 yana zama milimita 27 a ma'auninsa, kuma mu muna amfani da siffofi marasa fuska domin ido ya gane girman gini. Na san akwai masu ƙyamar mutum-mutumi saboda addini, malamai kuma sun yi bayanai a kai, saboda haka kowa ya tambayi malaminsa kafin ya yanke.

Malama ta Nima, Akara

Malam Mai Zane, na yarda da batun farin kwali, kuma zan gwada shi a ɗakin girki da ban fara ba. Amma a kan kasuwa ina ganin lokacin sallar Juma'a ya isa amsa. Rumfunan Zango a lulluɓe da buhu, kaya a ɗaure, kura a jingine, kuma duk wanda ya san wurin zai gane inda masu su suka tafi.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsayar da Disambar 1968. Motoci za su tsaya a hagu, farashi zai kasance da sidi, ƙasa za ta zama busasshiya, taragai uku na koko da katako, goro kuma a rumfa ƙarƙashin inuwa kamar yadda Kawu ya ce. Na sayi littafi irin na Malama, gine-ginen da suka rage kuma zan fara fitar da su da farin kwali. Batun mutane na bar shi sai na ga malaminmu. Abin da ya rage mini shi ne motar kaya da zan ajiye a bakin ƙofar tasha, domin hotunan da nake da su duk daga gaba aka ɗauke su.

Kawu Mai Goro, Alabar

Madalla ɗana. Ka yi ta Bedford mai bodin katako, sitiyari a dama, da rubutu a goshinta kamar yadda direbobi suke yi. Bayanta a buɗe yake, da allon da ake saukewa idan za a yi lodi, da tamfol a naɗe a sama, kuma yaron mota yana ajiye guntun katakon da yake tare taya da shi a kusa da ƙafarsa. Ka kawo huhun da ka gyara ranar Asabar bayan la'asar in duba ɗaurin, ka kuma taho da fensir, domin akwai wani tsohon direba a layinmu da zai zana maka bayan motar.