Fitsarin dare na kare: daga kwano yake ko daga ciwo?

Alhaji: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Karena ya shekara tara, nauyinsa kilo 30, kuma tun yana ɗan kwikwiyo bai taɓa ɓata makwancinsa ba. Yau mako uku ke nan yana tashe ni sau biyu, wani lokaci sau uku cikin dare, yana karce ƙofa. Ranar da barci ya yi min nauyi sai in tarar da kududdufi da safe. Me ke kawo haka?

Baba: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka wahalar da kanka. Fitsarin dare na kare daga kwanonsa yake fitowa, ba daga ko'ina ba. Na fi shekara talatin ina riƙe da karnuka, ban taɓa ganin wanda ya gagari wannan dabarar ba: abinci na ƙarshe ƙarfe huɗu na yamma, ruwa kuma a ɗauke shi ƙarfe shida. Kwana uku ka dawo ka ba mu labari. Abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba.

Hajiya: Rabin maganar Baba na gani da idona. Nawa a da ragowar abincinmu nake haɗa masa da daddare, har da romo. Yana gama ci sai ya kwankwaɗi ruwa kamar wanda ya ƙetare hamada, tsakar dare kuma ya hana kowa barci. Da na daina sa masa duk abin da aka dafa da gishiri, cikin mako guda abin ya tsaya. Amma ni ban taɓa ɗauke masa ruwa ba, zuciyata ba za ta iya ba.

Malama: Baba, da girmanka, ni ban yarda da "ba daga ko'ina ba" ɗin nan ba. Karyata na yi mata duk wannan. Na canza abinci, na matso da lokacin ci, na rage ruwa, duk da haka kullum shimfiɗarta a jiƙe. Ashe ita ba ta ma san tana yi ba, cikin barci yake zubo mata. Da aka duba ta aka ce bakin mafitsararta ne ya saki, kuma ana yawan ganin haka ga karyar da aka cire wa mahaifa in ta fara manyanta. Magani aka ɗora ta a kai ta bushe. Watannin da na yi ina fama da kwano, sakin reshe na yi na kama ganye.

Baba: Malama, taki mace ce, na Alhaji namiji ne, kuma shi tashi yake yana neman fita. Ba ɗaya ba ne.

Malama: To ai ka ga ka yarda akwai fitsarin da ba na kwano ba.

Auta: Ni a ganina duk kun bar tushen. Kare jinin kyarkeci ne, nama aka halicce shi ya ci. Wannan busasshen abincin na buhu hatsi ne ya fi yawa a ciki, cikinsa ba ya iya narkar da shi, shi ke zama suga ya sa shi fitsari. Alhaji ka mayar da shi kan nama zalla ka gani.

Dakta: Sannunku da muhawara, yanzu na samu na karanta daga sama. Auta, bari in fara da kai tunda taka ce ta fi kusa. Gaskiya ne yawun kare kusan babu sinadarin da ke fasa sitaci, irin wanda ke cikin yawun mutum. Amma fankiriyas ɗinsa, wata gaɓa da ke kusa da tumbi, na zuba shi a cikin ƙaramin hanji, kuma dafaffen sitaci yana narke masa sarai. A shekarar 2013 masu bincike a jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke samar da wannan sinadarin guda biyu ce a jikin kyarkeci, a jikin kare kuwa daga huɗu har zuwa talatin. Zaman da ya yi da ɗan Adam ya sauya masa ciki. Ciwon suga na kare kuma yawanci daga lalacewar ɓangaren fankiriyas mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yake, hatsin buhu ba shi ke jawo shi ba.

Naman zalla da kake faɗa ma zai iya ƙara fitsarin. Furotin ɗin da ya yi wa jiki yawa hanta ke juya shi ya zama yuriya, ƙoda kuma ba ta iya fitar da yuriya sai da ruwa. Ga kuma ƙarancin kalsiyam da tsoka zalla ke jawowa in an daɗe a kai.

Auta: Dakta an kashe ni tun ban fito fili ba.

Baba: To Dakta, ni kuma fa? Faɗi gaskiya ko da a kaina za ta faɗo.

Dakta: Baba, kana da gaskiya a wuri uku, amma akwai wuri ɗaya da nake roƙon ka janye.

Gishiri na sa ƙishirwa, ƙishirwa na sa sha, sha na sa fitsari. Abin da Hajiya ta gani ke nan, babu ja. Danshin abinci ma haka. Busasshe na buhu ruwan da ke cikinsa kusan kashi 10 cikin ɗari ne, na gwangwani kuwa yana kai kashi 75 zuwa 80. Wato babban karen da ya cinye kilo ɗaya na gwangwani ƙarfe tara na dare ya haɗiyi ruwa kusan mililita 800 ba tare da ya leƙa kwanon ruwa ba. Na buhun kuma in ya ci da yawa a zama ɗaya, sai ya bi shi da ruwa mai yawa. Duk biyun in sun faɗo dab da kwanciya, mafitsara za ta cika kafin asuba. Saboda haka matso da abincin dare ya zama awa uku ko huɗu kafin barci, da fitar da shi ya zaga kafin a rufe ƙofa, shawara ce mai kyau.

Wurin da ban yarda ba shi ne ɗauke ruwa. Muna ɗauka kare na fitsari da yawa ne don ya sha da yawa. A yawancin cututtukan da ke kawo wannan, abin a juye yake. Ƙodar da ta gaza ba ta iya riƙe ruwa, zubar da shi take yi ko ya sha ko bai sha ba, shan da yake yi biyan bashi ne. A ciwon suga, sukarin da ya yi yawa a jini ya tsallaka cikin fitsari shi ke jan ruwa ya tafi da shi. In ka ɗauke wa irin wannan karen ruwa awa goma sha biyu, fitsarin ba zai tsaya ba, jikinsa ne zai bushe, ƙodar da ke ɗingishi kuma ta ƙarasa zama.

Baba: Amma ni na yi wa karnuka da dama, ba wanda ya mutu.

Dakta: Allah ya taimake ka lafiyayyu ne, Baba. Lafiyayyen kare ƙodarsa za ta matse fitsarin ya yi kauri ya kwana lafiya. Matsalar ita ce daga ido ba ka rarrabe lafiyayyen da wanda ya fara ciwo, kuma kare mai shekara tara da ya sauya hali cikin mako uku yana cikin waɗanda ake zargi.

Yaya: Ni wani gefen nake so in taɓo, tunda an yi maganar ƙarfe huɗu. Na gwada wannan a kan ƙaramar karyata saboda kashin dare, ba fitsari ba. Kashin ya daina, sai ta koma aman ruwan ɗorawa mai kumfa kullum da asuba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Dakta: Yaya, wannan sananne ne. In cikin kare ya daɗe wayam, ruwan madaciya kan koma baya daga hanji ya shiga tumbi ya dame shi, sai aman safe. Maganinsa ɗan abinci kaɗan dab da kwanciya, akasin dokar Baba ke nan. Shi ya sa ba na son doka ɗaya ga kowane kare. Kuma mai babban kare mai zurfin ƙirji kada ya tattara abincin yini ya ba shi sau ɗaya don gudun ciyarwar dare, hakan na ƙara haɗarin kumburi da murɗewar tumbi, wanda ke kisa cikin awanni. A raba gida biyu.

Hajiya: Dakta, madara fa? Maƙwabciyata na ba nata da daddare wai don ya yi barci.

Dakta: Karnuka da yawa bayan yaye sinadarin narkar da sukarin madara ya ragu a hanjinsu. Abin da bai narke ba sai ya ja ruwa cikin hanji ya yi tsami, ga tusa ga gudawa. Wani karen da ake cewa yana tashi fitsari, murɗar ciki ce ta tashe shi, da ya fita sai ya yi fitsarin a kan hanya, mai shi ya ɗora laifin a kan mafitsara. Haka abinci mai maiƙo sosai, yana daɗewa a tumbi, kuma yana iya tayar da kumburin fankiriyas. Haka canza abinci rana ɗaya. A riƙa cuɗa sabo da tsoho ana ƙarawa kaɗan kaɗan, kwana bakwai zuwa goma.

Auta: Inabi da cakulan da ake cewa guba ne a gare su, da gaske ne ko tsoratarwa?

Dakta: Da gaske ne. Inabi, ɗanye ko busasshe, na iya kashe ƙodar kare. Cakulan na ɗauke da wani sinadari mai suna tiyoburomin, yana sa ƙishirwa da fitsari da bugun zuciya, mai yawa kuma ya kai ga farfaɗiya.

Malama: Alhaji ya yi shiru. Tambaya ɗaya nake da ita gare shi: fitsarin mai yawa ne fari kamar ruwa, ko ɗis-ɗis yake yi yana yunƙuri? Ni a kan karyata na koyi cewa wannan tambayar ta fi "me ya ci" muhimmanci.

Dakta: Malama ta riga ni. Ɗis-ɗis da yunƙuri, ko jini a ciki, yana nuna ƙwayoyin cuta ko tsakuwa a mafitsara, ga namiji dattijo da ba a fiɗiye ba kuma a duba furosteti, wato gaɓar da ke bakin mafitsarar namiji. Mai yawa fari shi ke kai mu ga ƙoda, suga, cutar Kushin (wadda jiki ke samar da sinadarin kotisol fiye da kima), ko wani magani da yake sha. Alhaji, ka auna ruwan da ka zuba masa da mazubi mai ma'auni, bayan awa 24 ka auna ragowar. Lafiyayyen kare kan sha mililita 40 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a yini. Naka mai kilo 30, lita biyu ma ya isa. In ya haura mililita 100 a kilo, wato lita uku, ya fita daga maganar kwano.

Baba: Ni dai da tsohuwar zuma ake magani. Amma a auna, gani ya kori ji.

Alhaji: Salam jama'a, ku yi haƙuri, jira na yi in cika awa 24 ɗin. Na zuba lita biyar, saura lita ɗaya da rabi. Fitsarin kuma mai yawa ne, fari tas, ba ya yunƙuri. Abincinsa ban canza ba, buhun da yake ci shekara biyu ke nan, ba na ba shi ragowar namu.

Dakta: Lita uku da rabi a kilo 30, kusan mililita 117 ke nan a kilo. Ya wuce iyaka. Kada ka taɓa masa ruwa. Gobe ka tari fitsarinsa na farko da safe a kwalba mai tsabta ka kai asibitin dabbobi tare da shi, a auna kaurin fitsarin da suga, a ɗebi jini a duba ƙoda da hanta. Kafin nan, yana shan wani magani?

Alhaji: Babu. Sai dai ƙwayoyin ƙaiƙayi da aka rubuta masa wata guda da ya wuce, saboda susar da yake yi har yana ji wa kansa ciwo. A jikin takardar an rubuta firednisolon.

Malama: Alhaji! Wannan ne "babu"?

Alhaji: Wallahi ban ɗauka yana da alaƙa ba, Malama. Na fata ne ai.

Dakta: Yana da ita sosai. Wannan maganin na hana ƙoda amsa umarnin riƙe ruwa, kuma karnuka sun fi mutane saurin nuna hakan: sha, fitsari, yunwa, haki. Lokacin ma ya yi daidai. Amma kada ka tsayar da shi kai tsaye bayan wata guda yana sha, a hankali ake janye shi, kuma wanda ya rubuta shi ne zai tsara maka yadda za a rage. Gwajin kuma yana nan daram, domin a shekarunsa maganin na iya zama kan wani ciwon, har ma yana iya tono ciwon suga ko cutar mafitsara da ke ɓoye.

Baba: To ai magana ta dawo inda na fara. Ta baki ya shiga ko ba ta baki ba?

Hajiya: Kai Baba! Kwano ka ce, ba ka ce ƙwaya ba.

Baba: A cikin kwanon yake saka masa ita, ku tambaye shi.

Alhaji: Gaskiya a cikin abincin nake ɓoye ta. Dakta, fitsarin in na tara ƙarfe shida, asibitin sai tara suke buɗewa, zai lalace?

Dakta: Rufe kwalbar ka sa a firji, kada ta daskare. Awa uku ba komai. Ka tafi da takardar maganin da lissafin ruwan da ka auna.